Gurbin Baƙo a Da'irar Wazifa

Da zarar an kammala girbin gero da riɗi a Kanya Babba da sauran garuruwan ƙasar Babura, motocin Kano sai su fara cika da samari 'yan ci-rani. Wasu a Kano za su tsaya, wasu sai Agege ko Sabon Ibadan. Wanda ya karɓi ɗariƙar Tijjaniyya a cikinsu yana tafe da wani guzuri da ba a jaka yake ba. Duk garin da ya sauka, in ya tambayi inda ake wazifa, zai tarar da da'ira, a matsa masa ya zauna, ba mai tambayarsa ɗan gidan wane ne.

Abin da ya bari a gida shi zai tarar: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, sannan a shimfiɗa farin ƙyalle a karanta Jauharatul Kamali 12. Ran Juma'a bayan La'asar a zauna zikiri har rana ta faɗi. In an shafa fatiha a yi musabaha, a nan ne muƙaddami zai tambayi baƙon inda yake kwana. Yaron da ya wuni yana tura baro a kasuwa, ba wanda ya kira shi da sunansa, ga shi gwiwa da gwiwa da mai shago, ana ce masa ɗan'uwa. In aka kwana biyu ba a gan shi ba, a cigita.

Masu bincike sun daɗe da lura da haka. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabon Ibadan, ya nuna yadda fataken shanu da goro suka rungumi Tijjaniyya a shekarun 1950, ta zame musu abin da ya haɗa kansu a ƙasar Yarbawa. Hanyar kuwa ta Kano ta biyo, tun haɗuwar Sarki Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyass a aikin Hajjin 1937, da hidimar malamai irin su Shehu Atiku Sanka da Shehu Tijjani Usman Zangon Barebari. Har gobe lokacin Maulidi muridai na kwashe kwanaki a mota zuwa Madina Baye a Kaulaha, su sauka gidajen mutanen da ba sa jin Hausa, a ci tare a faranti guda.

Bahaushe ya fi sanin Indiya ta fina-finai, amma can ma akwai gidajen keɓewa na mabiya addinin Hindu da suke kira ashram. A Rishikesh, bakin kogin Ganga, mutum kan tashi kafin asuba, ya yi shara ko wanke-wanke kyauta, ya ci abinci a layi tare da kowa.  Aƙida ta sha bamban ƙwarai, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai abin da ke mayar da mutum can shekara bayan shekara ya yi kama da abin da ke riƙe ɗan ci-rani a zawiyya: an san shi, kuma akwai aikin da ke jiransa.

A nan haɗarin yake. Wanda ya sami gida a hannun jagora, da wuya ya iya ce masa a'a. A 2018 kotu a Jodhpur ta yanke wa Asaram, jagoran da ke da ɗaruruwan irin waɗannan gidaje, ɗaurin rai-da-rai saboda fyaɗen wata yarinya, 'yar mabiyansa.

Tun kafa Izala a Jos a 1978 ake ja-in-ja kan hujjar wazifa, wannan fagen malamai ne. Amma mai son raba saurayi da zawiyya ya fara tambayar kansa wa zai cigita yaron in ya kwanta ciwo a Agege. Su kuma muƙaddamai, yaran nan amana ce a hannunsu. Kada hadiyya ta zama haraji a kan mai tura baro, kada a kai da'irar zikiri kasuwar 'yan siyasa lokacin zaɓe, kuma a koya wa muridi cewa yana da damar tambayar shehinsa dalili.