Jinin Talaka Ba Ruwan Rafi Ba Ne

Mu ba maƙiyan binciken lafiya ba ne. Abin da muke ƙi shi ne a ɗebi jini ko tsokar mutum ba da saninsa ba, a yi suna da dukiya da su, shi kuwa ko "an gode" bai samu ba.

A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano, cikin binciken da ya haɗa yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce ya yi bayani. Sai a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, kuma sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, bayan an gwada ƙwayoyin gadonsu don tabbatar da dangantaka. Wato kafin a biya su sai da aka sake ɗiba daga jikinsu!

A Amurka ma, a 1951, an yanki tsokar Henrietta Lacks, wata baƙar fata mai ciwon daji, a asibitin Johns Hopkins ba tare da izininta ba. Ƙwayoyin nan sun taimaka wajen samar da rigakafin shan inna, kamfanoni suka yi ta cinikinsu, amma sai a 2023 zuriyarta suka sasanta da kamfanin Thermo Fisher.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ɗibar jini ko tsoka sai da yardar mai su, ta kuma hana mai bayarwa karɓar lada. To, mai sarrafawa fa, wa ya hana shi cin riba? Kuma wace irin yarda ce manomin Beji yake bayarwa idan ya dangwala yatsa a takardar Turanci, ɗansa na kwance rai a hannun Allah?

Saboda haka muna kira ga masana da ɗalibai: a yi bayani da Hausa ko Gwari ko Nufanci, a faɗi inda za a kai abin da aka ɗiba, a yanke rabon al'umma tun kafin allura ta taɓa fata. In an ƙi, zargi zai cike gurbin amana, kamar yadda Kano ta ƙaurace wa allurar shan inna a 2003. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.