A Dawo Mana da Ubangidan Zombi

Kullum sai ka ji masu sharhi suna kukan wai labarin zombi ya tsufa, a nemo masa sabon jini. Sabon jinin da suke nufi kuwa bai wuce a ƙara wa dodon gudu ba, kamar yadda aka yi a fim ɗin 28 Days Later a 2002, ko a sake masa cuta, yau ƙwayar cuta, gobe fumfuna irin ta The Last of Us. A nawa ganin, wannan duk canza wa tuwo suna ne.

Abin da ya ɓace daga wannan adabi shi ne ubangida. Zombi ɗan asalin Haiti ne, ƙasar da Faransawa suka azabtar da bayin Afirka a gandayen rake. A imanin mutanen can, zombi mamaci ne da matsafi ya tono daga kabari don ya yi masa noma kyauta. Ba ya cizo, ba ya cin kowa. Shi ake ci. Tsoron talakan Haiti shi ne ya mutu amma bautar ba ta ƙare ba, alhali kuwa mutuwa ce kaɗai hutun da bawa yake sa rai da shi. William Seabrook ya kai labarin Amurka a littafinsa The Magic Island a 1929, lokacin da sojojin Amurka ke mamaye da Haiti (1915 zuwa 1934), kuma gawarwakin da ya ba da labarinsu rake suke sara wa wani kamfanin sukari. Wani ne yake karɓe ladansu.

George Romero ne ya cire matsafin a Night of the Living Dead, 1968. Ba na ganin laifinsa, domin shi ya san inda ya dosa: tauraronsa baƙar fata ya tsira daga matattu dare guda, da gari ya waye rayayyu suka harbe shi. Magadansa ne suka ɗauki ɓawon suka yar da ƙwayar. Shirin The Walking Dead ya shekara 12 ana nuna shi, daga 2010 zuwa 2022, kuma zombin cikinsa taron marasa suna ne da aka halatta fasa wa kai ba tare da an tambayi ɗan wane ne ba. Mai kallo ya saba da ganin cincirindon mayunwata a bakin shinge, ya kuma saba da tsayawa a bayan mai bindiga. Wannan tarbiyya ce, kuma mummuna.

Fela Anikulapo Kuti ya fi yawancin marubutan nan fahimtar lamarin. Da ya kira soja zombi a waƙarsa ta 1976, mai ba da umarni yake tuhuma. Su ma sun gane, shi ya sa suka ƙone Kalakuta a Fabrairun 1977. Wane fim ɗin zombi ne ya taɓa tayar wa mai mulki hankali haka?

Saboda haka ɗalibin da ke son gwada alƙalaminsa a wannan fage ya bar mana kwaikwayon rugujewar biranen da bai taɓa takawa ba. Ya gaya mana wa ya tayar da gawar, nawa yake samu a kanta kowace rana, kuma wa ya sa hannu a takardar. Ya ba zombin suna, da uwa, da bashin da ya mutu bai biya ba. Mutanen Haiti sun ma bar masa makamin da masu fim suka manta: ba a ba zombi gishiri, don ran da ya ɗanɗana shi hankalinsa zai dawo, ya gane a hannun wa yake.