Kuɗin Makaranta Kaɗai Ba Ya Fid da Ɗalibi

A Fakuwa da ƙauyukan Kankiya da Kusada mukan sayar da gero ko tunkiya domin yaro ya je jami'a. Dā sai Zariya, inda aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Tun 2011 kuwa akwai ta Dutsin-Ma kusa da mu. Amma kusanci bai hana kaɗaici ba.

Yaron ƙauye yakan shiga aji da tsoro. Turancin 'yan birni ya fi nasa, ba kuma wanda zai faɗa wa damuwarsa. In ya faɗi jarrabawa ɗaya sai ya karaya, ya ɓoye mana. A 2022 malaman jami'a sun yi yajin aiki wata takwas. A irin wannan zama, kuɗi ba ya riƙe zuciya.

Mun san taki bai isa ba, sai da noma da lura. Saboda haka kowace ƙungiya ta naɗa wa kowane ɗalibi dattijon da zai riƙa kiransa ran Lahadi. Da kaka mu ware masa hatsi. Mu haɗa shi da zumuntar ɗalibai Kirista. In ya faɗi, kada mu kunyata shi gaban ikkilisiya, mu ji dalili tukuna.

Allah ya taimake mu.