Wanda ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa: kan mota mai turbo da man araha

  

Yau faɗa zan yi, kuma da mutanenmu na nan Amurka zan fara. Akwai wata fatawa da ke yawo a tsakaninmu wadda ta ishe ni, wai duk man fetur ɗaya ne, mai tsadar nan mai lamba 93 dabarar 'yan kasuwa ce kawai ta tatsar aljihun wawaye. Masu wannan magana su ne za su ci bashin banki su sayi Subaru WRX ko Mustang mai turbo, sannan su je gidan mai su danna 87 suna murmushi sun yi wayo. Da a kansu abin ya tsaya da na yi shiru, to amma fatawar ta kai gida, har wani ƙanina ya fara tara kuɗi a sayo masa irin wannan mota a ɗora a jirgin ruwa.

Bari in fara da inda suke da gaskiya, don kada a ce na zalunce su. In motarka Corolla ce ko Camry wadda kamfani ya ce a zuba mata 87, to sayen 93 asarar kuɗi ce. Ƙungiyar masu motoci ta AAA ta gwada wannan a 2016, ba ta ga ƙarin ƙarfi ko ƙarin nisa ba, ta kuma ƙiyasta cewa Amurkawa sun zubar da fiye da dala biliyan 2 a shekara ɗaya wajen sayen man da motocinsu ba sa buƙata. Wannan haka yake. Kuskuren shi ne a ɗauki hukuncin Corolla a ɗora wa kowace mota.

Lambar oktan ba ma'aunin ƙarfin mai ba ce, ba kuma ta tsabtarsa ba. Tana nuna iya matsi da zafin da man zai jure kafin ya kama wuta da kansa. A cikin silinda, fistin yana matse cakuɗen iska da mai, fulogi ya ƙyasta, wutar ta bazu a tsanake ta tura fistin ƙasa. Idan man bai da juriya, ragowar cakuɗen da wutar ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa a lokaci guda, ya bugi kan fistin kamar guduma. Wannan ita ce ƙwanƙwasar inji. To aikin turbo kuwa shi ne ya yi amfani da hayaƙin da ke fita ya juya fanka, ya cusa ƙarin iska cikin silinda da ƙarfi. Ƙarin iska, ƙarin matsi, ƙarin zafi. Wato dai abin da man araha ba ya iya ɗauka shi ne sana'ar turbo.

Sai su ce, ai na yi shekara ina zuba 87 ba abin da ya faru. Ya faru mana, malam, ba ka gani ba ne. Motocin yanzu suna da na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasa a jikin inji. Da ta ji, kwamfutar motar sai ta jinkirta ƙyastawar fulogi, wani lokaci ta rage iskar turbo, don ta ceci injin. Ƙarfi ya ragu, mai ya ƙara tafiya. Kamfanin Mazda bai ma ɓoye ba: injinsa mai lita 2.5 da turbo, wanda ya sa a Mazda3 ta 2021, ƙarfin doki 250 ne da man 93, amma 227 da man 87. Doki 23 sun tafi kiwo. Kuma ita wannan an ƙera ta ne ta karɓi duka biyun. Wadda aka rubuta a murfin tankinta cewa 91 ko sama take so, kamar WRX, kwamfutarta tana da iyakar da za ta iya karewa. Ranar da ake zafi, mota cike da mutane, ana hawa tudu, ka take totur, a ranar ake fasa gefen fistin inda ringi ke zama. Masu tsohuwar WRX STI sun san wannan ciwo sarai.

Mu yi lissafi, tunda kuɗi ake kare wa. WRX ta 2022 mai giyar hannu hukumar kare muhalli ta Amurka ta ba ta mil 22 a galan idan aka haɗa gari da babbar hanya, wato kilomita 9 da ɗoriya a lita. Mai tafiyar mil 12,000 a shekara zai sha galan 545. A gidan man unguwarmu bambancin 87 da 93 ya kusa santi 90 a galan, ka ga kusan dala 490 ke nan a shekara, dala 40 a wata. Mutumin da ke biyan bashin mota da inshora na ɗaruruwan daloli duk wata, shi ne zai tsaya rowar dala 40, alhali sake injin irin wannan mota dubban daloli ne. Ni a ganina wanda dala 40 za ta girgiza shi, motar ce ta fi ƙarfinsa tun farko, kuma ba abin kunya ba ne a hau Corolla.

A nan ma akwai wani ruɗani da ya kamata 'yan uwanmu na Ingila su lura. Lambar famfon Amurka da ta Turai ba ma'auni ɗaya ba ne. A Turai RON ake rubutawa, a nan kuwa ana haɗa RON da MON a raba biyu. Don haka 95 na Ingila shi ne kusan 91 na nan, 98 kuma kusan 93. Kada wani ya karanta littafin motar Amurka ya ga 91 ya ɗauka man da ke da RON 91 ya wadatar, wannan daidai yake da 87 ɗinmu na talakawa. Su kuma 'yan kwalaben nan da ake sayarwa wai suna ɗaga oktan, a karanta da kyau: in sun ce maki 3, sau da yawa 0.3 suke nufi.

Fatawa ta biyu ta fi ba ni haushi, don ita wayewa ake nunawa da ita. Wai sabon inji a fito da shi a take shi har ƙarshe tun ranar farko, haka ringi zai zauna da kyau, wai lallaɓa sabuwar mota tsohon yayi ne. Gaskiya ne injinan yanzu ana goge silindarsu da kyau fiye da na da, kuma ringi yana buƙatar ɗan nauyi kafin ya zauna. Amma waɗanda suka ƙera abin fa? Littafin Subaru ya ce a mil 1,000 na farko, kilomita 1,600, kada injin ya wuce juyi 4,000 a minti sai da larura, kada kuma a daɗe a kan gudu ɗaya. BMW kan kira motocinta na M su dawo a canza musu mai bayan mil 1,200 na farko. Kamfanin da zai biya kuɗin gyara in inji ya lalace cikin garanti yana cewa a bi a hankali, wani da ba zai biya ko sisi ba yana cewa a take. Wa za ka bi? Ɗan acaɓa a gida ma ya san sabon mashin ba a tsula masa gudu sai ya gama ranin. Kuma ba inji kaɗai ba ne sabo, kulochi da birki da giya da taya duk sai sun saba. Abin da ake nema kawai shi ne a bar baƙin mai ya yi ɗumi kafin a matsa, a riƙa sauya gudu, kada kuma a sa babbar giya a ƙaramin gudu a take totur, domin wannan na cutar injin turbo ko ya tsufa.

Batun shan mai kuwa gajere ne. Ƙaramin inji mai turbo yana tattali ne muddin ƙafarka na da kunya. Da ka matsa, kwamfuta tana ƙara feshin mai fiye da abin da zai ƙone don ta sanyaya silinda, sai ka ga lita 2.4 tana sha kamar babban inji. Kuma ba wanda ya sayi WRX don ya riƙa tafiya kamar mai rakiyar amarya.

Yanzu kai ƙanina, da kai nake. A gida yawancin gidajen mai fetur iri ɗaya suke sayarwa, ba ka da zaɓin 91 ko 93, in layi ya yi tsawo kuma ka ƙare a wurin 'yan bumburutu. Ba ka manta gurɓataccen man da aka shigo da shi a farkon 2022 ba, wanda methanol ya yi wa yawa ya kashe wa mutane motoci. Ƙara da zafin Afrilu, da ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, da farashin lita tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Sannan wadda kuɗinka za su saya ba sabuwa ba ce, ta hannu ce, wadda wataƙila ɗaya daga cikin waɗannan malaman fatawa ne ya yi mata ranin da take totur ya kuma shayar da ita 87 shekara uku. In mota kake so daga nan zan taya ka nema da zuciya ɗaya, mai inji ba turbo wadda kayan gyaranta ke cike a Ƙofar Ruwa. Waccan kuwa ba da hannuna za a ɗora ta a jirgi ba, ka iya kai ƙarata wurin Hajiya.

A gaida kowa da kowa, a shafa min kan yara. Sai wasiƙa ta gaba in Allah Ya yarda.

Wassalam.