Baƙo da Ranar Sallarsa

Ran 25 ga watan Disamba gari yakan waye a Dinawa kamar kowace safiya ta hunturu. Hazo ya rufe fadamar Rima, masu albasa da tafarnuwa sun yi sammako wajen ban ruwa, fatake sun kama hanyar Wurno da Goronyo. Amma a wani ɗakin haya akwai mutum guda wanda wannan rana ita ce babbar ranarsa ta shekara. Ko malamin asibiti ne, ko ɗan bautar ƙasa da aka turo koyarwa, ko mai gyaran injin ban ruwa. Kirista ne, ya yi wata goma yana yi wa gari aiki. Yau Kirsimati, ya sa sabuwar riga, ya zauna a bakin ƙofa, har rana ta faɗi ba wanda ya leƙo shi. Wannan abin kunya ne, kuma kunyar ba ta baƙon ba ce.

In an yi magana sai waɗansu su ce, ai ba sallarsu ba ce, ina ruwansu? To, wa ya ce sallarsu ce? Ba a nemi kowa ya shiga coci ba, ba a nemi kowa ya rera waƙar da ba tasa ba. Maganar gaisuwar ranar ma a bar wa malamai, su suka san sassaɓawarsu a kanta. Amma kwanon tuwo da ake aika wa maƙwabci, ba a ji malamin da ya ce a tambayi addinin mai ci kafin a aika ba. Haƙƙin maƙwabtaka bai san Disamba ba.

Wanda bai san zafin irin wannan zama ba ya tambayi matafiyin da ya daɗe a Tailan, ƙasar da ake kira Siyam kafin 1939. A can fiye da mutum 90 cikin 100 mabiya addinin Buda ne. Ko lissafin shekararsu dabam yake, ya wuce na Turawa da shekara 543. Ranar Kirsimati ba hutu, ofis a buɗe, yara suna makaranta. Manyan kantunan Bankok kuwa sukan rataya fitilu da itatuwan ado don su jawo masu saye, har baƙo ya ga kayan sallarsa ko'ina, sallar kuwa babu. Bahaushen da ya je sarin tufafi da takalma a wannan birni shi ma haka yake ji in Sallah ta riske shi. Zai nemi masallaci, kamar na Haruna da ke unguwar Bang Rak, ya yi Idi, ya fito ya tarad da titi bai san an yi kome ba. A ranar nan, mai gidan hayar da ya miƙo masa kwanon shinkafa ya fi ɗan'uwan da ke nesa.

Waɗansu kuma sukan ce, ai gwamnati ta ba shi hutu, me ya rage? Gaskiya ne, a Nijeriya ana hutun 25 da 26 ga Disamba. A Siri Lanka ma, inda mabiya Buda suka fi yawa, ana hutun Kirsimati da na Ƙaramar Sallah da Babba. Madalla da hukuma. Sai dai hutu ba ya hira da mutum. Ranar aiki ma ta fi wa maras kowa sauƙi, gama aiki yakan ɗauke masa hankali daga tunanin gida.

Masu cewa ya tafi garinsu mana, su ne suka fi ba da mamaki, domin ba mutanen da suka san tafiya kamar na gabashin Sakkwato. A ranin 1952 zuwa 1953 an sa masu ƙidaya a kan hanyoyi, aka lissafta fiye da mutum 200,000 da suka fita cin rani daga Lardin Sakkwato, waɗansu zuwa gonakin koko na ƙasar Yarbawa, waɗansu har Kumasi. Sallah kuwa tana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, saboda haka ba ɗan cin ranin da ba za ta taɓa riska a bakin duniya ba. Me ya hana shi komowa? Kuɗin mota. Abin da ya hana ɗan Rabah barin Kumasi shi ya hana malamin asibiti barin Dinawa, in ba a ce shi har da majinyatan da ba zai iya bari ba. Uwar da take addu'a ɗanta ya sami mai kula da shi a kurmi, ga ɗan wata uwar nan a ƙofar gidanta.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Kyaftin Clapperton ya ci Kirsimatin 1826 a Sakkwato yana baƙon Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Zaman bai yi daɗi ƙwarai ba, gama ana yaƙi da Barno, Bello kuwa ya riƙe saƙon da Baturen ya ɗauko wa Shehun Barno. Duk da haka da ajali ya same shi cikin Afrilu 1827, Bello ya ba da wuri, baransa Richard Lander ya karanta masa addu'ar Kirista, aka rufe shi. A 1853 kuma Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya sauke Barth a Wurno, ya ba shi takardar amana ya wuce Tambutu. Bello ya rasu a 1837, kabarinsa yana nan Wurno, mutanen Dinawa ma suna cikin masu kai masa ziyara.