Kafin ka shimfiɗa ciyawa a tsakar gida, fara ƙirga jarka

1/ Jiya wani ya ɗora hoton gidansa, ciyawa kore shar, sai ga jama'a a ƙasa: "Ni ma in na yi gini haka zan yi." To ni na yi, sau biyu ma. Ta farko ta mutu a hannuna cikin sati uku. Ku zo in ba ku labari kafin ku zubar da kuɗinku 🧵

2/ Ra'ayina tun farko: a gari irin Kano, ciyawa ba ado ba ce, baƙuwa ce da za ka shayar har abada. In ruwan gidanku a hannun 'yan garuwa yake, ka haƙura da babban fili. Ba baƙin ciki nake maka ba, lissafi ne.

3/ Ga lissafin. Ciyawar da ta riga ta kama tana son ruwa kamar milimita 25 a sati. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Filin mita 5 a mita 10 ke nan zai sha lita 1,250. Jarka 50, 'yar lita 25. Duk sati. Kuma wannan a lokacin da gari ke da sauƙi ne. A Afrilu da zafi ke kai 40, sai ka ƙara.

4/ Ni ban yi wannan lissafin ba. A watan Maris na je wajen masu fulawa na bakin titi, aka yanko min ciyawa fale-fale da ƙasarta, aka loda a a-kori-kura. Ta iso da yamma, na ce sai gobe. Goben ta zama jibi. Kafin a shimfiɗa, na ƙasan sun yi zafi sun fara rawaya. Ciyawar da aka yanko a ranar ake shimfiɗa ta, in ta daɗe ta kwana ɗaya.

5/ Babban kuskuren ma a ƙasa yake. Tsakar gidan sabon gini cike take da ɓaraguzan bulo, busasshen siminti da ledoji. A kai na sa aka jera, don ina sauri a gama kafin zuwan baƙi. Saiwa ta sauka ta tarar da siminti. Ina za ta? Hajiyarmu ta leƙo ta ce, "Kai, wannan tabarma ka shimfiɗa ko shuka?" Na yi dariya a lokacin.

6/ Karo na biyu na jira damina ta zauna, ƙarshen Yuni. Wannan shi ne rabin aikin wallahi. Daga nan zuwa Satumba sama ce ke ba ka ruwa kyauta, kafin iskar hunturu ta zo saiwa ta yi nisa.

7/ Aka kwashe ɓaraguzai, aka sassaƙe ƙasa, aka zuba baƙar ƙasa mai kaurin kamar santimita 10 zuwa 15, aka gauraya da taki. Takin ya zama wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin shanu irin ciyayi yake kawo maka, ga gara. Aka baje da manjagara, aka ɗan karkata filin ta yadda ruwa zai gudu daga jikin gini, ba ya kwanta a gindin katanga ba.

8/ Jerawa kamar ginin bulo ake yi, kada gaɓa ta hau gaɓa, baki ya haɗu da baki ba tare da rata ba. A daddanna ta manne da ƙasa, a jiƙa ta sharkaf nan take. Sati biyun farko kullum sai ta sha, da sassafe, sai ranar da aka yi ruwa. Ba mai takawa. A nan na yi faɗa da ƙannena da ƙwallonsu, har yau ɗaya yana riƙe da ni.

9/ Bayan sati biyu zuwa uku ka ɗan ja gefe ɗaya. In ta ƙi tasowa, ta kama. Daga nan ka rage yawan bayi, ka ƙara zurfi: sau biyu a sati amma ta sha sosai. Yayyafin kullum saiwa yake bari a sama, rana ɗaya ta bazara ta gama da ita. Wajen aski kuma kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta.

10/ Iri fa? Ƙiri-ƙiri na sa. E, wannan dai da manoma ke tsine wa a gona, ita ce Turawa ke kira Bamuda, ake sa wa a filayen ƙwallo. Tana jure fari, tana jure taku, in ta bushe da rani saukar ruwa kaɗan ta farfaɗo. Aibinta biyu: ba ta son inuwa, ƙarƙashin darbejiya sai ta yi sanƙo, kuma tana kutsawa cikin fulawa in ba ka yi mata iyaka da bulo ba. Mai faɗin ganyen nan da ake ce wa kafet ta fi laushi, ta fi jure inuwa, amma shan ruwanta sai mai bohol.

11/ Na san masu cewa a yi intalok a huta. Na zauna a gidan da aka mamaye ko'ina da shi. Da daddare a bazara zafin da ya sha da rana yake dawo maka da shi, ruwan sama kuma duk ya kwarara layi ya cika kwata. Ta roba ma ka taka ta ba takalmi da azahar ka ba ni labari.

12/ Amma abin da ya fi tsaya min a rai: ina riƙe da tiyo ina shayar da ciyawa, a waje yara na layi da bokiti a famfon da muka fitar ta katanga. Ranar da wuta ta ƙi zuwa tanki ya yi ƙasa, dole aka zaɓa. Yaran aka ba. Ciyawa ta yi ja na ɗan lokaci, ba ta mutu ba.

13/ Shi ya sa na rage ta zuwa mita 3 a mita 4, daidai shimfiɗar darduma da shan shayi bayan isha'i. Jarka 12 a sati, kuma wani kaso daga ruwan alwala ne, don a gefenta muka ajiye butoci. Sauran filin tsakuwa ce da bishiyar lemon tsami guda biyu. Mai son hoto ya bari sai Agusta, yanzu ba ta cikin hayyacinta 😅