Kada Kwafin Bayanai Ya Kwana A Shago

A da, littafin bashi ne ƙashin bayan ɗan kasuwa. Yau a kantunan magani da makarantun kuɗi, kwamfuta guda ce ke riƙe da lissafin kaya, albashi da sunayen waɗanda ake bi bashi, kuma sau da yawa babu kwafinsu a ko'ina. Wannan ganganci ne.

A watan Mayun 2017, manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har da na asibitocin Ingila, tana neman kuɗin fansa, alhali Microsoft ya toshe ɓarakar tun watan Maris ga duk wanda ya sabunta na'urarsa. To ina ga mai shagon da wani yaro ya ɗora wa Windows na sata?

Ba ma sai 'yan kutse sun zo ba. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Garin Kano ta 2016 ya san cewa faifan ajiyar da aka bari a aljihun tebur tare da kwamfutar zai ƙone.

Saboda haka muna kira ga ƙananan 'yan kasuwa da su riƙa kwafe bayanansu kowace yamma, su zare faifan su tafi da shi gida, sannan duk wata su buɗe shi su tabbatar yana aiki.